Makin Toka da Sakatar Banɗakin Sama

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar zanen gine-ginen da nake cin abinci da ita, gwani na gwanaye, mai sauƙaƙa wa bayin Allah aiki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai kujerarka, ina roƙon izini in karanto maka maganarka. Shafi na bakwai na littafin koyarwarku, wanda hotonka ke bangonsa kana murmushi: "Ɗan akwati ɗaya, amsa biyu, e ko a'a. Ba ruɗani, ba mantuwa." Na ja layi a ƙarƙashin "ba ruɗani" da jan biro, har takardar ta huje.

Ni mai zanen gine-gine ce, shekara ashirin da biyu, tun ana yi da fensir da rula. Bara ƙungiyar tsofaffin malamai ta ba ni zanen ɗakin karatunta, ƙasa da sama, ƙofofi arba'in da shida. Shugaban ƙungiyar surukina ne, mahaifin maigidana. Da wasu 'yan kwamiti suka fara gunaguni a nemo namiji, shi ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "'Yata za ta yi. Wanda ya ga kuskure ya zo ya same ni."

Bayan na gama jera ƙofofin a kwamfuta, sai na ƙara musu tambaya, kamar yadda littafinka ya koyar: "A sa sakata?" Kowace ƙofa ta sami ɗan akwatinta. Maki na nufin e, fanko na nufin a'a. Ina cikin bin su rukuni-rukuni ina dannawa aka kira ni a waya. Da na dawo na duba banɗakuna huɗu na sama, na ga maki zaune a akwatinsu, na ce ashe na gama da waɗannan. Na fitar da jerin masu "e" na miƙa wa kafinta. Ga koke-kokena.

Na ɗaya. Makin da na gani ba maki ba ne. Launin toka ne, ɗan dishi-dishi, kuma yanzu na san ma'anarsa: ba a taɓa danna akwatin ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranka ya daɗe, wane mai hikima ne a cikin ma'aikatanka ya zauna ya yanke cewa alamar "ban amsa ba" ta zama alamar "na amsa", sai dai a rage mata tawada? Ina so in san shi, in gaishe shi. Ya taɓa zama gaban allon kwamfuta da ke fuskantar taga, da tabarau na karatu a hanci?

Na biyu. Jerin masu "e" ya kawo ƙofa talatin. Jerin masu "a'a" ya kawo sha biyu. Huɗun nan rariyarka ta zubar da su, ba sa nan, ba sa can, kuma manhajar ba ta ce uffan ba. Wannan fa manhajar ce da idan bango ya hau kan bango da kaurin gashi sai ta tare ni da gargaɗi mai launin rawaya, ta hana ni motsi sai na amsa. A kan bango tana da baki. A kan mutuncin mutane sai ta zama kurma.

Na uku, kuma ina roƙon ka karanta wannan a zaune. Ranar buɗe ginin ni na ja baƙi zagaye, dattawa sha huɗu da matansu, har da surukata. Muka hau sama. Na ce bari in nuna musu tayil ɗin banɗaki, don ni na zaɓe shi kuma ina alfahari da shi. Na tura ƙofar farko ta ɗan cije. Na juya na ce wa jama'a, "Sabon fenti ne, yakan kama." Na sa kafaɗa.

Ba fenti ba ne. Sanda ce. Baba ne a ciki, ya nemi sakata bai samu ba, ya tokare ƙofar da sandar nan da ya buga domina.

Ba zan faɗi abin da ya biyo baya ba. Shekara goma sha tara ina auren ɗansa ban taɓa ɗaga ido na haɗa da nasa ba, sai ran nan. Ma'ajin ƙungiya, wanda ya fi kowa son a nemo namiji, ya yi tari ya ce, "To, mun dai same shi." Surukata ta kama gefen mayafinta ta cusa a baki, har yau ban sani ba kuka take ko dariya. Kafinta kuwa da na tare shi a matakala ya zaro takardata daga aljihu, a ninke tsaf. "Hajiya, abin da kika rubuta na sa. Talatin kika ce, ƙirga ki gani." Na ƙirga. Talatin.

Sati uku ke nan Baba bai taka gidanmu ba. In na je gaishe shi sai a ce yana hutawa, alhali ina jiyo rediyonsa.

Na huɗu. Na yi bincike, na gano tokar nan ba ma'ana ɗaya gare ta ba. In ka haɗa ƙofofi masu amsa daban-daban ka duba su tare, toka. In an kulle akwatin da lissafi yadda ba ya dannuwa, toka. In ba a taɓa shi ba, toka. Launuka sun ƙare ne a kamfaninku? In haka ne a faɗa min, autata tana da kwalin fensir masu launi goma sha biyu.

Na biyar. Da na koma ofis cikin fushi na danna akwatunan huɗu, suka yi baƙi. Sai da na huce na ce bari in mayar da su toka in nuna wa kwamiti. Ashe ba hanya. Wanda aka danna sau ɗaya ba ya komawa har abada. Wato manhajarka ta yi min laifi, ta kuma sa na share shaidar da hannuna. Na ƙirƙiri sabon akwati na nuna wa maigidana, ya leƙa ya ce, "Ai wannan yanzu kika yi shi." Na rubuta wa ofishinku na taimako, wani mai ladabi ya amsa bayan kwana shida: "Haka aka tsara shi, Hajiya. Muna fatan mun warware matsalarki." A ƙasa ya sa min ɗan akwati in danna ko na gamsu.

Buƙatata ƙarama ce. Kwamiti zai zauna nan da kwana goma sha huɗu ya yanke ko ni zan zana ɓangare na biyu. Aikin bai dame ni kamar dattijon da zai zauna a kan kujerar shugaba yana kallon ƙasa ba. Ina son takarda mai hatiminka, layi biyu kacal, cewa akwatin nan amsa uku gare shi kuma ta ukun tana kama da ta farko. In kai masa, ya samu abin da zai ɗora a tebur, ya sake buga sandarsa.

Idan kwana goma sha huɗu suka cika ban ga takarda ba, zan zo ofishinku da kaina, cikin shigata ta fita unguwa, da sukudireba a jaka. Ba zan ɗaga murya ba. Zan gaida mai gadi, in hau sama, in kwance sakatar kowane banɗaki, in manna wa kowace ƙofa ɗan maki mai launin toka. Da naka zan fara, ranka ya daɗe, saboda girmanka. Duk wanda ya tambaya ko da mutum a ciki, sai a ce masa haka aka tsara shi.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya ba ka sanda mai ƙwari.

Taka mai biyayya har kwana sha huɗun su cika,

Mai zanen gine-gine, surukar shugaban tsofaffin malamai