Rasuwar Ɗan Lilo, Mai Sa Fiyanona Kuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai ɗauke da 'yar kunya, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Ɗan Lilo, wanda masu gyara ke kira El-Ef-O. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin cin abincinmu, bayan shekara ashirin da uku yana hidima cikin tsohon fiyanona na lantarki, irin na da, wanda wayoyi ne zalla a cikinsa.

Marigayin bai taɓa ɗaga murya ba. Halittarsa ce haka: kaiwa da komowarsa sau biyar ne ko shida a daƙiƙa, kunnen ɗan Adam kuwa ba ya kama sautin da bai kai ashirin ba. Yana da ɗan kafasita kamar bokiti, yana ɗura masa wuta a hankali. In ta kawo baki, wani mai gadi da ke gefe ya juya akalar, bokiti ya fara tsiyaya; in ya kusa ƙafewa, a sake juyawa. Wannan hawa da sauka yake miƙa wa masu fitar da sauti, sai muryarsu ta kama rawa: wiu-wiu-wiu. In na rage masa gudu kuma, waaawu, waaawu, kamar mai shirin fashewa da kuka.

A nan kunyar take. Duk sanda mawaƙinmu ya juyo a tsakiyar taro ya ce, "Jama'a, ku ji hannu!" ni dai maɓalli guda na danne, ina kaɗa yatsa, ina runtse ido. Kaɗa yatsa a wannan fiyano ba ya ƙara komai. Zaman gaban mota kawai nake yi, marigayin ke jan kaya.

Ya yi gajeruwar jinya. Kafasitansa ya kumbura don tsufa, lilon ya soma ɗingishi. Mai gyara ya ce in kai shi Laraba. Na ce, abu mai ƙafa biyu ne zan jira wa Laraba? Na sayo sabo na ɗora da kaina. Ashe irinsa yana da dama da hagu, ni kuwa na juya masa ƙafafu. Ina kunna fiyanon, sai ga kalmarsa ta ƙarshe, wadda ita ce ta farko da muka taɓa ji daga bakinsa: Fat!

Mai gyara ya leƙa gawar, ya dube ni, ya ce, "Maigida, da ka bari ya mutu da kansa." Sassan da suka ƙone sai nan da mako uku. Mu kuwa muna da wasa ranar Asabar.

Ya bar masu fitar da sauti guda biyu, waɗanda yanzu ke cewa tuuuu kamar firji, da 'yar jar fitilarsa da ta daina ƙiftawa, da wani dattijo, wato ni, mai babban suna da yatsa fanko.

Za a yi jana'iza gobe da safe cikin gwangwanin tsoffin kusoshi, a ƙarƙashin gado. Ana karɓar gaisuwa a falo; don Allah kada a ce in taɓa wani abu.

Game da Asabar, uwargida ta yarda za ta riƙe muƙamin marigayin, ta zauna tana murza maɓallin sauti da hannu, dama da hagu. Sharaɗinta guda: "Baban yara, ni ba zan yi aiki cikin akwati ba. Kujerata a gaba, taka a baya."

Na amince. Mawaƙi bai sani ba tukuna. A wannan takarda zai gani.