Binciken Dabgi a Kan Zaman Gara

A wani daji da ke bayan duwatsu, akwai jami'a da aka kafa a gindin itatuwan kuka, kowane sashe da kukarsa. Kukar likitanci da ta shari'a su ne masu inuwa, a kansu ake turereniya. Can gefe akwai wata da tsawa ta taɓa tsagawa, ita aka bar wa sashen ilimin zamantakewa. A nan wani matashin dabgi mai suna Nomau ya tsinci kansa, bayan ya nemi shari'a an ce gurbi ya cika.

Duk hutun da ya je gida sai uwarsa ta tambaye shi, "Wai Nomau, me ake koya muku ne?"

"Yadda jama'a ke zama da juna, Iya."

"To mu da ba mu je jami'a ba, da wa muke zama?"

Amma karatun ya shiga jikinsa, har ta kai ko biki ya je ba ya jin kiɗa, sai lura da wanda aka shimfiɗa wa tabarma da wanda aka bari a rana.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi kan zauna da wata al'umma, ya yi mata tambayoyi, ya rubuta kundi a kanta. Al'adar sashen kuwa kowa ya nazarci waɗanda ke ƙasa da shi. Ba wanda ya rubuta wannan doka. An dai taɓa yin wani ɗan barewa da ya zaɓi gidan zaki, kuma har yanzu sashen na jiran babinsa na biyu. Nomau sai aka haɗa shi da wani suri da ke bakin fadama.

Wadda ta fara tarbarsa wata tsohuwar gara ce mai kula da ƙofar gabas, ana kiranta Inna Kande. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ɗan makarantar? Ikon Allah. Mu da ko maƙwabta ba sa tambayar yadda muka kwana, yau ga jami'a a ƙofarmu. Tambayi abin da kake so, ɗan nan. Bari in kira maka masu surutu."

Muryar gara siririya ce, sai ya kafa hancinsa a bakin ƙofar kafin ya ji su. Shi kuma dabgi harshensa dogo ne mai danƙo, ba ya iya buɗe baki bai fito ba. Duk tambayar da Nomau ya yi, harshen kan leƙa cikin surin, kuma ba ya dawowa shi kaɗai. Gajeriyar tambaya takan tafi da kaɗan. Wadda ya yi a kan rabon aiki tsakanin maza da mata tana da sassa da yawa.

Aiki ya yi kyau. Ya gano cewa gara al'umma ce da ke raguwa ba tare da sanin dalili ba, kuma kullum ƙara tsoron baƙo suke yi. Shi kuma ya yi ƙiba, ya ɗauka kwanciyar hankali ce irin ta wanda ya sami abin yi a rayuwa.

Wata safiya Inna Kande ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, waɗanda suka fito amsa maka jiya ba su dawo ba. Har da jikata. Ko jami'ar kuka tafi da su?"

Nomau ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi maza ya rufe. Ya koma gindin wata kanya ya zauna yana yi wa kansa dariyar takaici. Shekaru yana koyon gano hannun da ke ɓoye a bayan wahalar talakawa, ashe shi ko hannu bai yi amfani da shi ba. Abin da ya fi damunsa shi ne ba yau ya sani ba. Tun makon farko yake jin ɗanɗanon.

Ya ƙudurta ba zai ƙara buɗe baki a ƙofar surin ba, ko da digirin zai tafi. Ya nemi a tara majalisar malamai. Farfesa Shamuwa ce shugabar sashen, wadda kan yi ƙaura kowace shekara ta dawo da sabon ra'ayi tare da ruwan farko. Akwai Dakta Kunkuru, sai Angulu, mai jarrabawa daga waje, wanda ba a ganinsa sai aiki ya zo ƙarshe.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, na zo ne ku kayar da ni. Raguwar da na rubuta a babi na uku, ni ne ita. Tsoron baƙon da na ce ɗabi'arsu ce, ni ne baƙon. Ban yi tambaya ɗaya ba da ba ta ci wani ba. Ina roƙo a yaga kundin nan, a hana ni kusantar surin."

Farfesa Shamuwa ta miƙe a kan ƙafa ɗaya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Abokan aiki, kun ji? A ƙasashen da nake zuwa, wannan shi ne abin da ake yayi yanzu: mai bincike ya dubi kansa, ya faɗi rawar da ya taka. Na daɗe ina koyar da shi a kukar nan, ba wanda ya gane. Yau ga ɗalibina ya yi shi da kansa. Nomau, duk abin da ka faɗa ka mayar da shi babi na farko. Kada ka rage ko kalma."

Dakta Kunkuru ya fito da kai a hankali. "Ni abin da ya dame ni ƙa'ida ce. Kafin ka fara, ka nemi yardarsu?"

"Na nema, Allah ya gafarta malam."

"Da baki?"

"Da baki."

"Suka yarda?"

"Waɗanda suka rage sun yarda."

"To ni ban ga matsala ba." Ya mayar da kansa ciki.

Angulu ya gyara zama ya ce, "A ganina aikin ya cancanci daraja ta ɗaya. Ba na son ɗalibi mai ƙyamar abin da yake nazari, wannan kuwa ya shiga cikin al'ummarsa, al'ummarsa ta shiga cikinsa. Saura sharaɗi guda, wanda ba a ba da digiri sai da shi. Mun daina halin nan na kwashe ilimi daga talakawa a tafi. Dole ya koma ya karanta musu kundin, su ji abin da aka rubuta a kansu, su faɗi ra'ayinsu. Haƙƙinsu ne."

Majalisa ta amince, aka tashi kowa na jin ya kyauta.

Nomau ya daɗe a tsaye nesa da surin, kundin a hammatarsa. Ya san yana iya juyawa. Ya tuna tambayar uwarsa, ya tuna cewa in ya koma hannu wofi tambayar za ta bi shi har tsufa. Sai ya fara yi wa kansa bayani, abin da shekarun karatu suka gwanance da shi a kai. Hana su ji, ai raini ne. Yanke musu hukunci ba da saninsu ba, ai shi ne zaluncin da ya yi ta karantawa. Kafin ya isa ƙofar gabas ya riga ya gamsu, yana kuma jin kunyar saurin gamsuwar tasa.

Inna Kande ta leƙo. "Ɗan makaranta! Ka ɓace mana. An gama littafin? Da sunana a ciki?"

Ya gyaɗa kai.

"Kai jama'a, ku fito! Kowa ya fito, har da masu jego. Yau za mu ji yadda muke." Ta matso gaban kowa. "Ka ɗaga murya, ɗan nan, kunnena ya yi nauyi."

Ya yi niyyar karanta taƙaitawar kawai. Amma taƙaitawar ba ta fahimtuwa sai da gabatarwa, gabatarwar kuma ita ce inda ya fi nuna nadama, bai ga ya dace ya tsallake ta ba. Ya karanta ta da hawaye. Daga nan sauran babobin suka biyo da sauƙi.

Da ya kai ƙarshe ya share idonsa, ya tambaya ko akwai mai gyara ko ƙorafi. Ya jira iyakar yadda ladabi ya buƙata. A rahoton sashen na wannan shekarar an rubuta cewa ba a taɓa samun kundin da al'umma ta karɓa da irin wannan natsuwa ba.