Ranar da Hannuwana Suka Ƙi Ni a Ruwa

Abokina Garba ne ya kai ni wasan hawa allo a kan ruwa, ana riƙe da wani fiffike na yadi, iska na jan mutum. Ya ce, "Alhaji, sassauta riƙon nan, hannunka zai gaji." Na yi dariya, ni da nake sauke kaya a shago kullum!

Na yi nisa da gaɓar tsibirin Staten Island, sai damatsana suka sandare, yatsuna suka saki. Na faɗa ruwa, ga ƙaton jirgi can yana tahowa. Ina salati ina ihu har Garba ya jawo ni.

Ranar matata ce ta ba ni tuwo a baki. Har yau a masallacin unguwar Park Hill sai wani ya ce, "A riƙe wa Alhaji butarsa."