Babi Uku na Ƙarshe Suna Layin Mai

Jiya Litinin na sa rigata ta zuwa coci na tafi ofishin manya da tambaya ɗaya tak: ɗan'uwan Baturiyar nan ya dawo daga teku ko bai dawo ba? Awa huɗu na yi a kan benci, sannan wani akawu ya ce in je in rubuto tambayar, kwafi uku.

Kada ku ce na zare. 'Yata Tiyamike tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Dedza, ranar Juma'a za ta rubuta jarrabawar adabin Turanci. Koyarwa take son karantawa, in ta faɗi wannan takarda magana ta ƙare. Su sittin da ɗaya ne a aji, littafin da aka ɗora musu kuwa guda ɗaya ne. Malam Nyirenda ya yi abin da kowane malami yake yi a nan: ya sa reza ya raba shi kashi bakwai, matarsa ta ɗinke kowane kashi da zare, yara suna karɓa-karɓa. Kashi na bakwai, babi uku na ƙarshe, inda za a san ko ɗan'uwan Baturiyar cikin labarin ya dawo, ya bi wani ɗalibi hutu ƙauye. Kakarsa ta ga takarda mai kyau, ta naɗe busasshen kifi da ita. Shi kuwa Malam Nyirenda, lissafi ya karanta, bara aka liƙa masa adabi, tare da yaran yake bin labarin.

Ba wai manya sun manta da mu ba. A watan jiya Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ko ban-ɗaki ba a buɗewa sai ya yanka ƙyalle, ya zo makarantar da kwalayen sababbin kwafe-kwafen littafin. Yara suka yi masa rawa cikin rana. Ya ce wannan littafin ne ya mai da shi mutum. Aka ba kowa kwafi ya ɗaga sama, aka ɗauki hoto, aka karɓe aka mayar mota, domin wata makarantar tana jira a Ntcheu da ƙarfe biyu. Tiyamike ta ce minti uku ta riƙe nata, yana cikin leda, ƙarshen labarin yana tafin hannunta. Da ta faɗa mini haka sai da na fita waje, don abin ya yi mini ciwo.

Maƙwabcina Kachingwe, mai ɗaukar fasinja a keke, dariya ya yi mini. "Baban Tiya, kai dai ba ka da godiya. Littattafan nan sun ilmantar da makaranta arba'in, ko datti ba su yi ba. Ina ka taɓa ganin tattali haka?"

Ina dawowa daga ofishin na bi ta gidan mai, sai ga motar Mai Girma a tsakiyar layi, kwalaye jibge a baya. Direban, wani dattijo mai suna Chimwala, ya kwantar da kujera, ƙafa a taga, littafi a hannu.

Na ce, "Baba, ba na yara ba ne wannan?"

"Kwanana uku a nan, ɗana. Me kake so in yi, in ƙirga ƙudaje? Karo na biyu ke nan nake bin sa."

"To, ɗan'uwan ya dawo?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Haka ake tambaya, kamar farashin tumatir? Marubucin nan tun babi na biyu yake ɗana mata tarko, kai kana neman ƙarshe a tsaye."

Na gaya masa zancen Juma'a, na roƙe shi aron kwafi ɗaya. Ya girgiza kai.

"Ƙirge suke. In ɗaya ya yi ƙafa, aikina ya bi shi. Wannan ma da kyandir zan liƙe ledar. Amma ba wanda ya ce kada in karanta da ƙarfi."

Yau da safe Malam Nyirenda ya kwaso ajin duka zuwa gidan man, suka zauna a ƙasa tsakanin motoci. Chimwala ya hau gaban mota yana karantawa, yana tsayawa yana tambaya, "Don me ta ƙi buɗe wasiƙar? Ke mai jan ɗankwali, faɗi." Malam ya fi yaran rubutu. Wani direban tipa ya ce Baturiyar muguwa ce, wata mai sayar da masara ta ce duk maza haka suke faɗa, sai da aka raba su. Saboda gardama babi ɗaya aka gama a yini. Tiyamike ta dawo gida tana magana ita kaɗai, tuwon masararta ya huce a gabanta, ta cika shafi shida. Rabon da in ga fuskarta haka tun kafin hutu.

Saura babi biyu, gobe da jibi. Ɗazu kuma Kachingwe ya leƙo ta katanga yana murna, wai tankar mai ta ƙetaro iyaka.

Shekara goma sha ɗaya ina zagin masu hana mu mai a wannan shafi na jarida. Yau hulata tana hannu, Ranku ya daɗe. Ba na neman littafi, ba na neman komai sabo. Ku dai yi abin da kuka saba, ku riƙe tankar nan har Alhamis da yamma.