Ciwon da Na Ƙirƙiro a Asibitin Wara

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiya a Wara. Lokacin an ɗauke ni aikin wucin gadi: in raba wa likitocin Yauri, Ngaski da Shanga takardun tambayoyi kan yadda suke duba iyalai, in kuma karɓo amsa. Rabawa ba wuya, karɓowar ce jidali. Wannan ya ce yana da marasa lafiya, wancan ya ce in dawo gobe (goben da ba ta zuwa). Shugabata kuwa ta ce in wata ya ƙare ban kawo komai ba, in nemi wani aikin.

Sai dabara ta faɗo mini: tunda likita ba ya korar mara lafiya, bari in zama mara lafiya. Na naɗe takardun na soke a ƙugu, na yanki kati, na bi layi cikin matan masunta masu goyo, ina ta nishi.

Likitan dattijo ne mai furfura. Ya ce, "Mi ka damunka, samari?"

Na zuba masa: zazzaɓi, jiri, amai, ciwon gaɓoɓi (har ni kaina na fara tausayin kaina). Kafin in ce, "Af, likita, dama akwai wasu 'yan tambayoyi," ya riga ya ce wa nas, "Yi mashi allura yanzu."

Kunya ta hana ni musu. Ina sassauta tazuge, takardun suka zube, fanka ta watsa su har waje. Wata mata daga layin ta tsinto ta miƙo mini, ta ce, "Sannu da jiki, ga maganinka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Likita ya yi dariya har da hawaye, sannan ya juya takardun ya ce, "Ɗana, wanga ai littahi na, ba takarda ba! Dubi layin can. Wa ka da lokaci? Mai da shi takarda shahi guda, ka turo muna ta waya, in kun gama ku hwaɗa muna abin da kunka samu."

Shugabata ta yarda. Shi ya fara amsawa, kuma da kansa ya kira abokan aikinsa na Shanga da Yauri. Amsoshi suka yi ta shigowa, aikina ya tsira. Allah ya saka masa da alheri.

Tun daga ranar, in ina neman abu wurin likita, gaskiya nake faɗa, a gajarce. In kuwa ƙarya ta zama dole, ba na zaɓen ciwon da ake yi wa allura.