A Soya, a Sa Shatta

A bakin kogi na tsufa, a Mai Wurno, ba mai koya mini kifi. Haka na faɗa wa surukina Usman ranar da ya kai ni gidan abincin Japanawa a Hartum, kafin yaƙi. Ya gayyato maigidansa na wurin aiki, yana so ya ga irin gidan da ya yi aure.

Aka ce kifin teku ne, kuma lokacinsa ne. Aka kawo shi a kan katako, yanka-yanka, ɗanye. Nan take na gane. A Sinnar ma, nan kusa da garinmu, haka ake yi, a nuna maka kifi, ka yarda, sannan a kai wuta. Na naɗe hannun jallabiya, na latsa kowane yanki da yatsa, na shinshina. Sannan na miƙa wa ma'aikacin.

"Kwayyis, yana da kyau, na yau ne. A soya, a sa shatta, barkonon nan mai zafi."

Mutumin ya tsaya riƙe da katako. Maigidan Usman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Usman ya ce a hankali, "Baba, ai an gama. Haka ake ci."

Na ce, "To mi aka gama?"

Ba wanda ya ci, don duk na tattaɓa.

Har yau, ko kankana aka yanka a gidanmu, matata sai ta kawo mini ta tsaya a kaina. "Alhaji, duba mana. A kai wuta?"