Man Shanu a Fambel

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanena Nura ba.

Nura ya zo daga Kaduna da wata jar mota da ya daɗe yana yi wa injinta ƙari. Ya cire wannan, ya ɗaura wancan, ya sa mata wani abu wai shi turbo. In ya tada ta, ƙirjinka ne ke fara ji kafin kunnenka. Ni da ban wuce tsohon babur ɗin zuwa makaranta ba, sai in riƙa zagaya ta ina tasbihi. Aibinta ɗaya: da an taka totur sai fambel ɗinta (robar nan da ke juya kayan injin) ya tsala ihu kamar an take wutsiyar kare. Nura ya ce saki ya yi, sai bayan biki za a ɗaure shi.

Ranar ɗaurin aure ya wuce Kurfi tun da safe tare da abokansa, ya bar mini makulli da aiki guda: in kawo Baba Sale, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne wakilin ango. Uban amarya kuwa mutum ne mai ƙa'ida. Ya riga ya faɗa, in aka kira la'asar babu wakili, sai dai a sake sa rana.

Ihun nan ne ya tsaya mini a rai. Yaya mota irin wannan za ta shiga garin surukai tana kuka? Makanikai duk sun rufe sun tafi shirin masallaci. Sai na tuna in ƙofa tana ƙara, mai ake ɗiga mata. (Kimiyya nake koyarwa, don Allah kada ɗalibaina su ji.) Na shiga ɗakin girkin matata, na ɗebo man shanu cike da cokali, na ɗaga bonet na shafe fambel tas. Na tada mota. Tsit! Babu abin da ke tashi sai gurnanin injin. Har na fara tunanin ko na yi asarar basirata a aji.

Muna sallame Juma'a a Dutsin-Ma na ɗauki Baba Sale, ya sha babbar riga da rawani. Da muka hau titi na ɗan taɓa totur, sai kujera ta rungume ni. Gonakin gero suka koma koren zare, bishiyoyi na zuwa suna ɓacewa. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba, tsigar jikina har tashi ta yi. Na saci kallon Baba ina tsoron faɗa, sai na ga idonsa na ƙyalli.

“Ikon Allah!” ya ce. “Ɗan nan, ashe haka tsuntsaye ke ji? Ƙara mata!”

Na ƙara. Bayan mun wuce Birchi sai ya fara shinshina.

“Wa ke suya a cikin daji?”

Kafin in amsa, sitiyari ya yi tauri, allurar zafi ta haye, hayaƙi ya turnuƙe bonet. Fambel ya sha mai, ya zame, ya tsinke. Ga Kurfi muna hangowa, ga wayar Nura na ta shigowa, ga gwiwoyin Baba ba sa hawa babur. Nan na san auren ƙanena ne nake soyawa.

Baba ya fito daga mota. Ya ɗaga hannu ya tsayar da wani manomi da ke komawa gida da shanun huɗa guda biyu. Aka ɗaura igiya.

Haka muka shiga Kurfi, bijimai a gaba, ni ina kokawa da sitiyari ina neman inda zan ɓoye fuskata. Baba Sale kuwa? Ya sauke gilashi, ya gyara rawani, yana ɗaga wa jama'a hannu a natse, kai ka ce da ma haka manya ke zuwa ɗaurin aure. Mutane har tashi suke suna gaishe shi. Na girma a gabansa, amma ranar na san ban san shi ba.

Ladan na gwada lasifika muka isa. Aka ɗaura, aka shafa fatiha, na sauke ajiyar zuciya.

Sai Nura ya zo ya ɗaga bonet a gaban kowa. Ƙamshi ya tashi. Ya dangwala yatsa, ya shinshina.

“Yaya, mi ka sa mata?”

Uban amarya ya matso, ya ja numfashi, ya gyaɗa kai.

“Malam, wanga mai hwa mai kyau ne. Saura shinkahwa.”

Har liman sai da ya riƙe ciki.

Tun daga ranar, in abu na kuka, sai na tambayi abin da ke damunsa kafin in nemi rufe masa baki. Matata kuma ta sa wa ɗakin girki kwado.